Waya, Allon Android ko Tiraka: Wace Na'urar GPS Ta Dace da Motarka a Katsina?

Kwanakin baya Kawuna ya sayo mota 'yar Kwatano, ya aika aka kira ni bayan la'asar. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, motar na gefe ana wanke ta, ya ce, "Ɗana, so nake a sa mata GPS. Wani ya ce in sa talabijin ɗin nan ta gaba, wani ya ce tiraka, yaran gidan nan kuma sun ce waya ma ta isa. Kai me ka gani?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ɓata kake tsoro ko sata?"

Ya ce, "Ni da na yi shekara talatin ina bin hanyar Kano, ina zan ɓata?"

To ai nan maganar take. Sunan ɗaya muke kira, GPS, amma buƙatu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Akwai na'urar da ke nuna wa direba hanya yana cikin mota, akwai kuma wadda ke nuna wa mai mota inda motarsa take yana zaune a gida, ita ce tiraka. Na ga mutane da yawa sun kashe kuɗi mai kauri a kan ta farko alhali ta biyu ce damuwarsu, sai ranar da abin ya faru suka gane allon da ke dashbod ba ya kiran kowa.

Yadda abin yake aiki, a taƙaice

GPS na Amurka ne, sojojinta suka gina shi. Tauraron farko ya tashi a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin ɗan'adam kusan 30 ne ke kewaya duniya a nisan kilomita kamar 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagayowa sau biyu a rana, yana ta aiko da saƙon lokaci da na inda yake. Na'urarka na auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, idan ta ji taurari huɗu sai ta lissafa inda take. Kafin watan Mayun 2000 da gangan ake dagula saƙon ga farar hula, kuskuren kan kai mita 100. Da aka daina, ya dawo 'yan mitoci a fili. Yau Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, China na da BeiDou, kuma na'urar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin kamawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne na'urar saurare kawai take yi, kamar rediyo. Ba ta aika komai sama, ba ta buƙatar kati ko data kafin ta san inda take. Amma kafin ta gaya wa wani da ke nesa, sai ta bi ta layin waya. Mu nan mun ga wannan da idonmu. A watan Satumban 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari. Duk mai taswira a ajiye cikin wayarsa ya ci gaba da ganin kansa a kan hanya. Duk mai tiraka kuwa, da motarsa ta shiga yankin ta ɓace masa har sai ta fito.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko aikin da na'urar ke yi: nuna hanya, ko nuna mota. Na biyu kuɗi, kuma kuɗin nan kashi uku ne, na saye, na sanyawa, da na ciyarwa wata-wata, wanda shi ne mutane ke mantawa da shi. Kayan nan duk daga waje suke zuwa, farashinsu na tafiya da dala, don haka ba zan kawo farashi a naira ba, zan dai faɗi mai araha da mai tsada. Na uku juriya. Mota da aka rufe a rana a Katsina cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, cikinta tanderu ne, ga ƙurar hunturu, ga gargadar hanyoyin burji. Na huɗu sauƙin amfani, musamman ga wanda karatun Turanci bai dame shi ba. Na biyar halinta idan babu sabis. Na ƙarshe haɗarin da ita kanta za ta iya janyowa, ga wayarin ɗin mota ko ga ran mutum.

Waya da mariƙinta

Idan kana da waya mai Android ko iPhone, ka riga ka mallaki na'urar nuna hanya da ta fi yawancin waɗanda ake sayarwa. Abin da za ka ƙara mariƙi ne da caja mai kyau. Babu mai yanka maka wayar wuta ko ɗaya a mota.

Google Maps ita ce aka fi sani, kuma tun 2019 ta samu murya mai lafazin Turancin Najeriya da tsarin masu babur. Tana bari ka sauke taswirar yanki guda ka ajiye, ka zana murabba'i ya kama daga Jibiya zuwa Daura har Kano, ka sauke da dare lokacin da data ke da araha. Bayan haka ko sabis ya ɗauke za ta ci gaba da yi maka jagora, sai dai ba za ta gaya maka cunkoso ba. Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd, masu aiki da taswirar OpenStreetMap da 'yan sa kai ke zanawa, an gina su ne don aiki ba tare da intanet ba. Ni ina ajiye biyu, domin hanyar ƙauyen da babu a wannan wani lokaci tana cikin waccan. Ga iyali kuma, WhatsApp na ba ka damar nuna musu inda kake kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, wanda ya ishi mai tafiya Kaduna ko Abuja.

Raunin waya zafi ne. Wata rana ina hanyar Daura, na wuce Mashi da tsakar rana, wayar na manne a gilas tana caji, taswira a kunne. Sai hasken fuskarta ya dushe, ta rubuto gargaɗi, ta daina caji. Da na taɓa ta sai da na janye hannu. Tun daga ranar na koma mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar AC, kuma ba na barin ta a mota idan na fita. Zafin nan ne ke kumbura batir, wayar da za ta yi shekara huɗu ta mutu a biyu.

Akwai haɗarin da ya fi wannan, kuma ya shafi duk na'urorin nuna hanya. Taswira nisa da lokaci take lissafawa, ba ta san abin da ya faru jiya da dare ba. Mai zuwa Funtuwa daga Katsina zai iya bi ta Dutsin-Ma da Ƙanƙara, zai iya bi ta Kankiya da Malumfashi, kuma wayar ba ta san wacce direbobi ke bi yau ba, ko wacce ba a shiga bayan magariba. Wannan a tasha ake jin sa, wajen waɗanda suka taso daga can da safe. Matambayi ba ya ɓata. Haka nan cikin tsohon gari, lungunan da ke bayan Gobarau ko kewayen Kusugu a Daura, za ta iya tura ka kwararon da ko Keke Napep sai ya yi dabara. Sannan ka saita inda za ka tun kafin ka tashi, domin latsa waya kana tuƙi laifi ne a wajen jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, kafin ma a zo ga maganar rai.

Game da sata, waya ba ta tsinana komai. Tana aljihunka, motar na can.

Na'urar nuna hanya mai zaman kanta

Irin su Garmin ta Amurka da TomTom ta Holan, masu mannewa a gilas, a soka cajarsu a wajen kunna sigari. An ƙera su don zama a mota, sun fi waya jure rana, ba su cin data, kira ba ya katse su. Sabuwa tana haura dala 100. Waɗanda ake samu da araha a kasuwa galibi tsoffi ne da suka biyo motocin Kwatano, taswirar Turai ko Amurka ce a ciki, idan ka kunna sai ka ga kibiya a kan farin fili. Ana iya loda wa Garmin taswirar Najeriya ta OpenStreetMap a katin ajiya, amma sai wanda ya iya kwamfuta, kuma sabuntawa na wuyanka. Idan ta daɗe a kashe takan ɗauki mintuna kafin ta kamo taurari. Robar mannewar na saki da zafi, kuma ganin ta a gilas na jan hankalin mai fasa mota. Ban ga dalilin da mai zirga-zirgar gari zai saye ta ba. Mai aiki a karkara kullum, inda babu sabis, shi ne zai ci moriyarta.

Allon Android na dashbod

Wannan ita ce talabijin ɗin da aka faɗa wa Kawu. Ana cire rediyon mota a sa allo mai inci 7, 9 ko 10, da taswira, da kiɗa, da amsa kira, da kyamarar baya. A cikin masu nuna hanya ita ce ta fi cin kuɗi, domin bayan allon akwai firam ɗin da ya dace da motarka, da soket, da ladan mai wayarin. Kada kuma ka ruɗu da allon da motar ta zo da shi daga kamfani, taswirar ƙasar da aka fara sayar da ita ce a ciki.

Alherinta a fili yake. Allon babba ne, ba ya faɗowa, wayarka ta huta, kyamarar baya kuma ta ceci yara da awaki da yawa a ƙofar gida. Ni a wajena kyamarar ce ma babban dalilin sayenta.

Amma kasuwar cike take da gara-gara. Mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura, na 1GB ko 2GB za ta yi kyau a shago, bayan wata biyu ka danna taswira ka jira kamar mai jiran tuwo ya nuna. Nemi mai 4GB, kuma ka gwada ta a gaban mai shago da taswira da kiɗa a kunne lokaci guda, domin akwai waɗanda ake rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Idan tana da Android Auto ko Apple CarPlay ya fi, sai wayarka ta yi aikin, allon ya nuna kawai. In ba haka ba sai ka riƙa ba ta intanet daga waya, ko ka sauke mata taswira.

Wajen sanyawa ka tsaya a kan aikinka, kada ka bar mota ka tafi. Abu biyu za ka duba. Akwai wata 'yar baƙar eriya mai doguwar waya, kamar kwalin ashana, ita ce kunnen na'urar. Mai gaggawa cusa ta yake a bayan rediyo cikin ƙarafa, daga nan sai ka ga kana Kofar Ƙaura taswira na nuna ka a cikin gidan mutane. Wurinta saman dashbod, ko ƙarƙashin robarsa, tana kallon sama, domin saƙon tauraro na ratsa roba da gilas amma ba ya ratsa ƙarfe. Na biyu wayoyin wuta. A ƙa'ida rawaya ce mai wuta kullum daga batir, ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma ta jikin mota ce. Wasu sukan murɗe rawaya da ja wuri ɗaya don su huta, allon ya ƙi barci, da asuba ka tarar batir ya kwanta. Ka dage a yi amfani da soket ɗin da ya dace da motar maimakon yanka wayoyinta, kuma kada a tsallake fis.

Haɗarinta na ƙarshe na direba ne. Na sha shiga motar haya direba na gudu a hanyar Kano fim na tafiya a gabansa. Wannan ba ƙaramin ganganci ba ne da rayukan mutane.

Ita ma idan an sace motar, tare da ita ake tafiya.

Tiraka mai layi da ake haɗawa da wayarin

A nan zan daɗe, domin yawancin masu tambayata wannan suke nema ko da ba su sani ba.

Ƙaramin akwati ne da bai kai tafin hannu ba, da kunnen GPS, da sim, da ɗan batirin ko-ta-kwana a ciki. Ana ɓoye shi a jikin mota, yana aiko da inda yake zuwa manhaja a wayarka, ko ka tura masa saƙon tes ya amso da adireshin taswira. Waɗanda suka cika kasuwa 'yan China ne, irin su GT06 da TK103, sai masu tsada kamar Teltonika ta ƙasar Lituweniya da masu motoci da yawa ke sawa. Akwatin kansa bai kai allon Android tsada ba, sai dai yana da ciyarwa: data da kati a layin, wani lokaci da kuɗin manhaja na shekara. Ka tambayi wannan kafin ka biya.

Aikinsa ya wuce nuna wuri. Yana gaya maka an kunna mota, yana nuna duk inda ta bi jiya da inda ta tsaya da tsawon tsayuwar, yana ƙara idan an wuce gudun da ka ƙayyade. Za ka iya zana masa iyaka, ka ce idan Keken nan ya fita daga cikin Katsina ya nufi Batsari ko Kaita a sanar da kai. Idan an cire batirin mota, ɗan batirinsa zai aiko da gargaɗi kafin ya mutu. Inda babu sabis, masu kyau daga ciki suna ajiye bayanin tafiyar, su turo gaba ɗaya da zarar sun samu. A ƙarƙashin rumfar kwano kuwa, idan ya kasa jin taurari, sai ya koma kintace da turakun sabis, kuskuren ya kai ɗaruruwan mitoci ko fiye.

Wayoyinsa galibi huɗu ne: ta wuta, ta jikin mota, ta makulli, da ta rile. Rilen nan shi ake sakawa a kan wayar famfon da ke tura mai, ka tura umarni daga wayarka mota ta mutu. Shi ne abin da ya fi burge masu saye, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro. Mota da ke gudu idan injinta ya mutu, sitiyari na yin tauri, birki na yin nauyi. Tiraka mai hankali ba ta yanke mai sai gudun ya sauko ƙasa da kamar kilomita 20 a awa, ka tabbatar taka irin wannan ce. Sannan idan 'yan fashi ne suka ƙwace motar kuma direbanka ko wani naka na hannunsu, kada ka kashe ta. Mutanen da mota ta mutu musu a daji da makami a hannu, kan wanda ke kusa da su za su huce. Ka fara tabbatar da mutum ya kuɓuta. Kuma ko ka ga motar tsaye a taswira, kada ka ɗebi 'yan'uwa ku bi ta, ka kai wa 'yan sanda bayanin, ka bar su su yi gaba.

Yanzu ga inda tiraka ke mutuwa ba a sani ba, kuma ni ya taɓa faruwa da ni. Ina da Keke Napep da na ba wani yaro yana kawo balas. Na sa masa tiraka, mai sanyawar ne ya kawo layin, ban tambayi sunan wa ke kai ba. Watannin farko ina dubawa, daga baya na saki jiki. Wani dare har ƙarfe goma sha ɗaya yaron bai dawo ba, wayarsa a kashe. Na buɗe manhaja hannuna na rawa, sai na ga Keken a tsaye a ƙofar gidana, kwanan watan kuma na wata huɗu da suka wuce. An rufe layin tuntuni. Allah ya tsare, ashe mahaifiyarsa ce ba lafiya ya kai ta asibiti, da safe ya zo. Amma da sata ce, da akwatin da na biya kuɗi bai amfane ni da komai ba. Tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, layin da ba a haɗa ba rufe shi ake, haka ma wanda ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Saboda haka layin tiraka ya zama da sunanka da NIN ɗinka, ka zaɓi kamfanin da ya fi ƙarfi a hanyoyin da motar ke bi, ka ware rana ɗaya a mako ka tura masa saƙo ka ga ya amsa.

Abu na biyu lambar sirri. Da yawansu da 123456 suke fitowa daga masana'anta, kuma haka ake barin su. A 2022 kamfanin binciken tsaron intanet na BitSight ya bayyana cewa wata tiraka mai suna MiCODUS MV720 na da ɓarakar da za ta ba baƙo damar ganin inda mota take har ya yanke mata mai daga nesa, kuma wannan lambar ta asali na cikin matsalolin. Ka canza taka a ranar, a gabanka, ka kuma tabbatar lambar wayarka ce kaɗai ke ba ta umarni, an cire ta mai sanyawa.

Shi mai sanyawar ma abin dubawa ne, domin ya san inda ya ɓoye ta. Ka nemi wanda aka sani da shago da mutunci, ko da ya fi tsada. Ka hana shi sa ta a ƙarƙashin sitiyari, nan ɓarawo ke fara laluba. A naɗe mahaɗar wayoyi da kyau, domin wayarin da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ke kashe mota a tsakiyar hanya ko ya tada wuta. Tana kuma shan batir kaɗan-kaɗan, don haka motar da za a ajiye makonni, kamar ta mai tafiya aikin Hajji, a riƙa tada ta.

Tiraka ba laya ba ce. Akwai ɓarayi masu na'urar toshe sigina, kuma mu da ke bakin iyaka, mota na iya tsallakawa Nijar ta Magama ko Kwangwalam cikin ƙanƙanin lokaci, layin da ba a buɗe masa aiki a ƙasar waje ba kuma daga nan ya yi shiru. Amfaninta na cikin mintunan farko, shi ya sa gargaɗin kunna mota da na ƙetare iyaka suka fi komai muhimmanci.

Kalma ɗaya kan amana. Idan direba ne ke jan motar, ka gaya masa akwai tiraka, ba sai ka nuna masa wurin ba. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma kafin ita Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Tsaron dukiya daban, leƙen asirin matarka ko ƙaninka daban.

Ƙananan tiraka marasa wayarin

Akwai wadda ake sokawa a soket ɗin OBD mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, inda ake sa kwamfutar duba mota. Minti ɗaya ka sa ta, minti ɗaya ɓarawo ya zare ta. Ta dace da lura da direba, ba ta dace da sata ba. Akwai mai maganaɗisu da batirinta, a manna ta a ɓoye, sai dai dole a riƙa ciro ta ana caji, kuma ba ta kashe mota. A matsayin ta biyu tana da kyau ƙwarai, ɓarawo ya samu ta farko ya cire ya saki jiki. AirTag na Apple kuwa, mai dala 29, babu GPS a cikinsa, da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa yake dogara, ga shi yana sanar da wanda ke tare da shi cewa ana bin sa. A hanyar Ɓaure ko Zango zai iya yin kwanaki bai ce uffan ba.

| Na'ura | Aikinta | Kuɗin farko | Ciyarwa | Juriya | In babu sabis | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Waya da mariƙi | Nuna hanya | Kaɗan ƙwarai | Data kaɗan | Ba ta son zafi | Tana yi, in an sauke taswira | Latsawa ana tuƙi |
| Garmin ko TomTom | Nuna hanya | Matsakaici zuwa sama | Babu | Mai kyau | Tana yi | Tsohuwar taswira |
| Allon Android | Nuna hanya, kyamarar baya | Mafi tsada | Data kaɗan | Ya danganta da inganci | Tana yi, in an sauke taswira | Mugun wayarin, kallon fim |
| Tiraka mai wayarin | Nuna mota, kashe ta | Matsakaici | Layi da manhaja | Mai kyau | Shiru sai sabis ya dawo | Mataccen layi, kashe mota ba kan ƙa'ida ba |
| Ta OBD | Lura da direba | Ƙasa da matsakaici | Layi | Mai kyau | Shiru | Saurin cirewa |
| Mai maganaɗisu | Nuna mota | Matsakaici | Layi da caji | Batir na gajiya | Shiru | Mantawa da caji |

Wa ya dace da wacce

Mai motar gida irin Kawu, wanda ya san hanyoyinsa, fargabarsa a ɗauke motar a bakin masallacin Juma'a ko wajen ɗaurin aure: tiraka mai wayarin, layi da sunansa, sai mariƙin waya don ranar da zai shiga Abuja. Haka muka yi masa, na kuma ɗora wa babban ɗansa aikin gwada ta duk Juma'a.

Mai Keke Napep, babur ko Golf da Sharon na haya a hannun direbobi: tiraka mai wayarin da iyaka da gargaɗin gudu, direba kuma ya san da ita tun ranar da aka ba shi makulli. Ga babur a nemi ƙarama wadda ruwa ba ya shiga, mai shan wuta kaɗan, don batirin babur ba shi da ƙarfi.

Wanda bai daɗe da fara tuƙi ba, ko uwargida mai kai yara makaranta a unguwa mai matsatsi, allon Android mai 4GB da kyamarar baya zai yi musu rana, in aljihu ya ba da dama. In bai ba da ba, waya ta wadatar, a ajiye kuɗin a sa tiraka.

Ma'aikacin lafiya, malamin gona ko mai aikin rijiyoyi da ke yini a ƙauyukan da babu sabis: waya mai taswira biyu a ajiye, ko Garmin da aka loda wa taswirar Najeriya, tare da tambayar mutanen gari kafin a kama kowace hanya.

Mai mota mai tsada, ko mai babbar mota da ke ɗaukar kaya zuwa Maraɗi ko daga kasuwar Mai'aduwa zuwa kudu: tiraka biyu a wurare biyu, ɗaya mai wayarin ɗaya mai batirinta, a kan layukan kamfanoni daban-daban, a buɗe wa aƙalla ɗaya aiki a ƙasar waje. Manyan motoci wutarsu 24V ce, don haka a duba cewa akwatin da rilensa duka na 24V ne kafin a haɗa.